Babi na Biyar: Ladan Jinya

A Makera ba a barin mara lafiya shi kaɗai, musamman a makon farko. Ranar da aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi an kwashe shi zuwa asibiti, kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mutanen masallacinsa su tafi dubiya a ƙungiyance, mata su cika Keke Napep da kwanon tuwo da fulas ɗin kunu, wani ya dunƙule dubu biyu ya saka wa uwargida a hannu, wani ya zo da lemo da ayaba a leda. In an sallamo shi gida, tabarmar ƙofar ɗaki ba ta naɗuwa. A mako na uku ƙafa ta fara ɗaukewa. Bayan wata uku sai 'yan uwa na jini, su ma ranar Juma'a ko Lahadi. Idan aka shekara, ciwon ya zama tsohon labari. A gamu da ɗansa a bakin titi a ce, “Ya jikin Baba?” ya ce, “Da sauƙi,” kowa ya kama gabansa.

Baba kuwa yana nan inda aka kwantar da shi, ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba. Kuma akwai mutum guda a gidan da ba ta da ikon ɗauke ƙafa. Ita ce ke miƙa wa 'yan dubiya ruwa, ita ke amsa gaisuwa a madadinsa tunda bakinsa ya karkace, ita ke raka su zaure. Abin da ake ce mata a bakin zauren bai wuce kalma takwas ba: “Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba da lada.” Addu'a ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ake yin ta. Sai dai a mafi yawan gidaje iyakar abin da take samu ke nan.

Na ce “ita” domin galibi mace ce. Matar mara lafiyan ce, ko 'yarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida aka ce ai ba ta da abin yi, ko matar ɗansa da ta tarar da jinya a cikin kayan aure, ko yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da sunan riƙo, aka ce za a sa ta makaranta in Hajiya ta samu sauƙi. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na awoyin aikin kula da mutane da ba a biya a duk duniya, kuma duk wanda ya zauna a gidan haya a Kaduna zai ce lissafin ma ya yi sassauci. Amma akwai maza a ciki, kuma an fi mantawa da su. Tsoho ba ya yarda 'yarsa ko surukarsa ta ga tsiraicinsa, don haka wanka da kai shi bayi sai ɗa namiji. Saurayin da aka ɗora wa wannan ba ya iya nisa da gida. Kafinta ne ko mai gyaran waya, yana buɗe shago da hantsi ya rufe kafin azahar, masu kawo aiki su gaji su koma wani wuri, a unguwa kuma a riƙa cewa ba shi da zuciyar nema.

Jinya aiki ce mai nauyi ko'ina, amma akwai dalilin da ya sa ta fi danne mutum a wannan ɓangare na kogin Kaduna. Makera, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, da maƙwabtanta Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya, unguwanni ne da albashi ya tara. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, ga masana'antar makamai ta DICON, sannan a 1975 Peugeot ta fara harhaɗa motoci. Samari suka yi ta kwararowa daga Katsina da Zariya, daga Binuwai da Filato da kudancin Kaduna, kowa ya kama ɗaki a gidan haya ya ɗauko mata daga garinsu. Sun baro babban gida, inda kaka da gwaggo da facaloli ke tsakar gida ɗaya, inda jinya ke rabuwa da kanta ba tare da an zauna an tsara ba. A madadin wannan suna da albashin ƙarshen wata, da ɗakin shan magani na kamfani, da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, wadda Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta, da kuma maƙwabta da abokan aiki da suka zama dangi.

Waɗannan duka sun zube cikin 'yan shekaru. Rikicin 2000 da na 2002 suka sa mutane ƙetare kogi, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, maƙwabtakar shekara ashirin ta watse a mako guda. A 2002 ɗin KTL ta rufe ƙofa ba tare da ta biya ma'aikata kuɗin sallamarsu ba, Arewa Textiles ta bi sahu, UNTL ta tsaya a 2007 kafin a sake tayar da ita da ƙarfin da bai kai na da ba. Elisha Renne ta Jami'ar Michigan ta rubuta littafi guda a kan mace-macen ma'aikatan KTL bayan rufewar da halin da matansu suka shiga. Kafin su zama zawarawa, da yawa cikin matan nan masu jinya ne. Saurayin da ya shiga masaƙa a 1980 yana ɗan shekara 20, yau ya haura 60, ƙurar auduga ta taɓa ƙirjinsa, ƙarar injin ta rage masa ji, ga hawan jini da ba a aunawa. Babban binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma matsakaicin shekarun waɗanda ciwon ya kama 59 ne. Wato yana kama magidanci tun 'ya'yansa ba su gama tsayawa da ƙafarsu ba.

Mutane da yawa ba su san abin da ke cikin jinyar wanda ya shanye ba sai ta faɗo musu. Wanda ba ya iya juyawa da kansa dole a juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar da ke kan ƙashin ƙugu da gindin baya da dunduniya ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe, kuma gyambon nan shi kaɗai yana iya kashe mutum. Ciwon yakan taɓa haɗiya, don haka sai an zaunar da shi sosai, a ba shi kunu mai kauri cokali-cokali, domin ruwa tsinkakke ya fi saurin bin hanyar iska ya sauka a huhu. A motsa masa hannu da ƙafa kullum don kada gaɓoɓi su ƙage, musamman a watanni uku zuwa shida na farko da jiki ya fi karɓar gashi. Sai fo, sai ledar shimfiɗa, sai zannuwan da za a wanke tun asuba a gidan da ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, igiyar shanya ɗaya ce ta kowa, banɗaki ɗaya ne na ɗaki takwas. Sai ɗaga namiji mai kilo 70 daga katifar ƙasa, aikin da a asibiti mutum biyu ke yi, mace ɗaya tana yin sa sau biyar ko shida a wuni, da bayanta maimakon gwiwoyinta, domin babu wanda ya taɓa nuna mata bambancin.

Wannan na shanyewar jiki ne kawai. Uwar yaro mai sikila tana da nata: ciwon ya tashi tsakar dare, a nemi abin hawa, a nemi jini, kuma ta san zai sake tashi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a shekara. Mai jinyar wankin ƙoda yana lissafin zuwa biyu ko uku a mako, kowane zuwa da kuɗin da ya kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ko ya wuce, in ba a dace da wurin da aka yi rangwame ba.

Asibiti ma ba hutu ba ne. Mutumin Makera yana da na kusa, asibitin Gwamna Awan da na Saint Gerard a Kakuri, da na ƙwaƙwalwa a Barnawa, in abin ya yi tsanani a haye gada zuwa Barau Dikko ko a nufi asibitin Shika. Amma tsarin asibitocin ƙasar nan gaba ɗaya a kan wuyan mai jinya aka gina shi, ko da ba a rubuta hakan a ko'ina ba. Nas ɗaya na iya riƙe ɗaki guda da dare, saboda haka ciyarwa da wanka da zubar da fo na ɗan uwa ne. Shi ke bin layin biyan kuɗi, ya kai jini ɗakin gwaji, ya fita kemis neman allurar da babu a ciki, ya nemo wanda zai ba da jini. In dare ya yi ya shimfiɗa tabarma a baranda, sauro ya yi ta cizo. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, maganin hawan jini da na suga suka yi tashin gwauron zabi. Jarin ƙosai ko na ɗinki shi ke fara tafiya, sai 'yan kunnen zinariya, sai keken ɗinkin kansa.

Abin da wannan zama ke yi wa jikin mai jinya an auna shi, ba hasashe ba ne. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka yi wa mata 13 masu jinyar dangi masu ciwon mantuwa ɗan ƙaramin yanka a hannu, suka yi wa wasu 13 da ba sa jinya irinsa. Na masu jinya ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na sauran kusan 39. Bayan shekara huɗu, a 1999, Richard Schulz da Scott Beach suka fitar da sakamakon bibiyar tsofaffin ma'aurata: waɗanda ke jinyar miji ko mata kuma suka ce abin yana gallabarsu, haɗarin mutuwarsu cikin shekara huɗu ya ɗara na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Wurin da ya kamata a tsaya a nan shi ne, waɗanda ke jinya amma ba su ce tana gallabarsu ba, ba a ga irin wannan ƙarin a tare da su ba, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna masu jinya da dama suna samun natsuwa da ƙarfin zuciya a cikinta. Hidimar ba ta kisa. Rashin barci na shekaru, da rashin kuɗi, da rashin wanda zai karɓe ka, su ke cin mutum. A Amurka aka yi waɗannan gwaje-gwaje, inda akwai keken guragu da ruwan famfo.

A wurinmu gajiyar ba ta fitowa da sunanta. Mai jinya za ta ce kanta ke sarawa, ko bayanta ya riƙe, ko zuciyarta na bugawa, ta aika a sayo mata Panadol. Tana kuka a banɗaki inda ba mai gani. Tana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba. Wata rana ta daka wa tsohon kansa tsawa don ya ɓata shimfiɗar da ta canja yanzun nan, sannan ta kwana tana istigfari, tana ganin ta zubar da ladan shekara uku. Wani dare tunani ya zo mata cewa da Allah Zai ɗauke shi da kowa ya huta, ta firgita da kanta, ba kuma za ta taɓa gaya wa kowa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan tunani sarai, yana zuwa wa masu jinya na kirki a kowace ƙasa, kuma alamar gajiya ce. Tun 1980 Steven Zarit ya tsara jerin tambayoyin auna nauyin da ke kan mai jinya, wanda aka fi amfani da shi mai tambaya 22 ne, ana gama shi cikin minti goma. Ita kuwa tamu takan yi shekara tana raka mara lafiya ganin likita, a auna jininsa a gabanta, ba a taɓa cewa ta miƙo nata hannun ba.

Ina ganin babban abin da ya rufe mata baki shi ne yabon da muke mata. Addini ya girmama hidimar iyaye da tsofaffi, aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da nuna musu ƙosawa, Kirista ma yana da umarnin girmama uwa da uba. Amma umarnin nan a kan dukan 'ya'ya ya sauka. Mu ne muka tattara shi muka ɗora wa mutum ɗaya, sannan muka sa mata suna mai haƙuri. Wadda aka yi shekara ana nuna ta ana cewa 'yar Aljanna ce, da wane baki za ta ce ta gaji? In matar ɗa ce ma abin ya fi wuya. Malamai da yawa na cewa jinyar suruki ba wajibinta ba ce a shari'a, kyautatawa ce, amma ranar da ta nemi zuwa gidansu ta kwana biyu, dangin miji za su ce ta nuna halinta.

Ciwon mantuwa shi ya fi gwada wannan haƙuri, domin mara lafiyan da ƙafarsa yake, kuma bakinsa garau. Hajiya za ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Za ta ci abinci, baƙo ya shigo ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Da magariba hankalinta ya tashi, ta ɗaure kaya ta ce gida za ta, tana nufin garin da ta baro shekara hamsin. Ɗan da ke Abuja ya zo kwana ɗaya, ta gane shi ta yi masa hira mai daɗi, ya koma da zargin cewa ana wulaƙanta uwarsa. Mu ce ruɗewar tsufa ce, wasu su ce aljanu, a wasu wuraren har a jefi tsohuwa da maita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, nau'insa da ya fi yawa shi ake kira Alzheimer, kuma tun 1992 ake nazarinsa a kan tsofaffin Ibadan. Jin wannan kaɗai daga bakin likita, a gaban dangi duka, yana sauke wa mai jinya rabin kaya, domin daga ranar ta daina zama ɓarauniya.

Inda aka bar iyali su kaɗai da mai taɓin hankali ko mai shaye-shaye, mun ga ƙarshen abin. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, maza da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. An yi ta tsine wa iyayen. Ban wanke su ba, amma kafin uwa ta yarda a sa wa ɗanta sarƙa, ta yi shekaru tana kwana da ido ɗaya, tana biyan kuɗin gilashin da ya fasa, tana ba maƙwabta haƙuri, ba wanda ya ce mata ga wata ƙofa.

Abin mamaki, babu unguwar da ta kai Makera sanin maganin wannan. A da masaƙa ba ta tsayawa dare da rana, amma ba a taɓa cewa mutum ɗaya ya tsaya a kan injin awa 24 ba. Kashi uku ake yi, na safe da na rana da na dare, jiniya ta yi kuka wani ya karɓi wani, kuma da kamfani ya ce mutum ya zarce babu hutu babu ƙarin kuɗi, da ƙungiya ta rufe ƙofar masaƙar a ranar. Tsofaffin da suka saba da aikin awa takwas, yau matansu ke aikin da ba a tashi.

Karɓa-karɓa ba ta faruwa da kanta a gidan haya, sai an zauna. Zaman da ake yi don raba abin da mamaci ya bari, irinsa ake buƙata a makon da aka sallamo mara lafiya, da babba a dangi, kawu ko gwaggo, wanda za a ji nauyinsa. A faɗi wa ke kwana ranar kaza, wa ke kai shi gashi, wa ke sayen magani, wa ke biyan mai wanki da 'yan garuwa. Wanda ke nesa kuma ya san cewa tura kuɗi ta waya bai sauke masa komai ba in bai zo da jikinsa ba. Maganar da ƙanwa ke son gaya wa wanta, take haɗiyewa, gajeriya ce: “Yaya, abin da kake turowa yana isowa, Allah Ya ƙara buɗi. Amma ni barci nake nema. Ka zo ka kwana da Baba ran Asabar.” Dare ɗaya cikakke a mako, da wuni ɗaya da za ta fita, ta je kitso ko Islamiyya ko coci ko Kasuwar Monday ba tare da tana duba agogo ba, sun fi mata buhun shinkafa. In an ɗauko yarinya daga ƙauye, a yanka mata albashi, kuma makarantar da aka yi alkawari ta fara yanzu, domin sauƙin Hajiya ba lalle ya zo ba.

Maƙwabta ma dubiyarsu na iya canja fasali ba tare da an kashe ko kwabo ba. Mata shida su zo lokaci ɗaya su zauna awa biyu, aiki suka ƙara, domin sai an ba su ruwa an yi musu hira. Mace ɗaya ta zo ta ce, “Maman Abba, shiga ɗakina ki kwanta, ina nan har la'asar,” wannan ita ta yi dubiya. Kuma hannun da za a tsara wannan da shi yana nan: 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala, matan FOMWAN, Zumuntar Mata a coci-coci, ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikatan masaƙa, har da 'yan adashe. Mun ƙware a hidimar jana'iza da biki, waɗanda ke ƙarewa cikin kwana uku. Hidimar da ke ɗaukar shekara uku ce ba mu tsara mata komai ba.

Akwai inda talakawa suka tsara. A jihar Kerala ta Indiya, likitoci biyu, M. R. Rajagopal da Suresh Kumar, suna cikin waɗanda suka buɗe wani ɗan asibitin rage raɗaɗi a birnin Kozhikode a 1993, suka ga cewa masu ciwon da ba ya warkewa a gida suke, ba za su iya zuwa ba. A 2001 aka kafa tsarin unguwa-unguwa a gundumar Malappuram, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Ana koya wa 'yan sa-kai, ɗalibai da 'yan kasuwa da malaman makaranta, yadda ake juya mara lafiya da wanke gyambo da sauraron mai jinya, nas na zagayawa gida-gida, kuɗin kuma mafi yawansa daga ƙananan gudummawar jama'a yake fitowa. Sai a 2008 gwamnatin jihar ta mayar da shi manufarta. Jama'a suka fara, hukuma ta biyo. Wannan ya fi kama da abin da za mu iya fiye da na Ingila, inda tun 1976 ake ba mai jinya alawus, yanzu ga wanda ke yin awa 35 a mako, ko na Japan da ta kafa inshorar kula da tsofaffi a 2000.

Ba wai hukumominmu ba su rubuta komai ba. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019, sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022, sannan a watan Janairun 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958. Jihar Kaduna na da hukumar inshorarta, KADCHMA, kuma duk iyalin da ke da mai ciwon da ba ya jin magani ya kamata su je su tambayi yadda ake shiga. Amma duk waɗannan mara lafiya suke kallo. Abin da zan roƙa wa mai jinya ƙarami ne: kada a sallami wanda ya shanye sai nas ko mai gashi ya yi rabin awa yana nuna wa wanda zai riƙe shi yadda ake ɗagawa da juyawa da ciyarwa, a ba shi lambar da zai kira in abu ya rikice, kuma duk ranar da aka dawo ganin likita a auna jinin su biyun.

Sai ranar da jinya ta ƙare. Matar ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, jarinta ya tafi, masu sayen kayanta sun koma wani wuri, bayanta ya lalace, kuma ta saba farkawa duk awa biyu har jikinta ya ƙi barci. In an zo rabon gado, tumunin da ake ba mata in akwai 'ya'ya shi ne nata, ta raba da kishiya in akwai. 'Yar da ta yi shekara biyar tana wanke fo rabonta daidai yake da na 'yar uwarta da ke leƙowa da sallah. Wannan hukunci ne, ba a taɓa shi. Amma shari'ar ta bar ƙofofi da ba mu cika bi ba. Ana biyan bashi kafin a raba gado, don haka abin da mai jinya ta kashe daga jarinta da niyyar rance, in an rubuta a littafi da sanin dangi, bashi ne a kan dukiyar mamaci. Mutum na iya yi wa mai hidimarsa kyauta tun yana da lafiya da hankalinsa, ya damƙa mata a gaban shaidu. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku kuma ba a yi wa magaji, amma matar ɗa ba ta gadon surukinta, haka ma 'yar riƙo da agola, saboda haka su ana iya yi musu. Tsoho mai gida ɗaya a Makera yana iya kiran limamin unguwa da mutum biyu ya ce a rubuta ɗaki guda da sunan wadda ta riƙe shi, matuƙar bai haura sulusin abin da ya mallaka ba, kuma gara a yi tun harshensa na fita.